Lodin Excel yana yankewa da 504, kashiyoyi kuma su kasa buga rasit, wane lokaci zan ƙara?

Ɗan_Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da war haka. Dan Allah masu Laravel da MySQL ku kawo min ɗauki, abin nan ya fara taɓa mutuncina a wajen mutanen da nake wa aiki.

Wani dila ne a kasuwar Singa, kayan masarufi yake sayarwa sari, yana da shaguna uku da sito guda, ni nake kula musu da manhajar da suke buga rasit da lissafin kaya. Ba ni na rubuta ta ba tun farko, gadonta na yi, amma yanzu komai a wuyana yake. Da Laravel aka yi ta, wato tsarin rubuta manhaja da PHP, databes ɗin MySQL, tana zaune a VPS, wato saba da ake haya, Nginx mai karɓar buƙatun birauza da PHP-FPM mai gudanar da kod ɗin a gaba. Duk ƙarshen wata suna ƙirga kaya, kuma duk sanda farashi ya motsa yaron ofis yana haɗa fayil ɗin Excel, bakod, sunan kaya, kuɗin katan, kuɗin ɗaiɗai, da adadin da ke kowane shago, sai ya loda ta shafin manaja. Da can fayil ɗin ƙarami ne ba wanda ya taɓa kuka, yanzu da suka ƙara shago suka kuma fara raba kaya bisa ranar lalacewa fayil ɗin ya kai layi wajen dubu 60.

Abin da ke faruwa shi ne, yana danna maɓallin lodi abu ya yi ta juyawa, minti ɗaya cif sai farin shafi ya fito da 504 Gateway Time-out. A daidai wannan lokacin kuma kashiyoyi a shago ba wanda zai iya buga rasit, kwastoma na tsaye da kuɗi a hannu, mai kura na jira a ɗora masa kaya, allo ya daskare can sai ya kawo "Lock wait timeout exceeded, try restarting transaction". Shi kuma yaron ofis da ya ga 504 sai ya ɗauka bai shiga ba ya sake dannawa. Wani lokacin bayan an jima sai ka duba ka ga komai ya shiga, wani lokacin ba abin da ya shiga, akwai ranar da kayan sito suka ninka, katan 40 na taliya ya koma 80 a kwamfuta, Alhaji ya kira ni da kansa wlh ranar ban ji daɗi ba.

Kod ɗin ba wani abu ba ne mai wuya, Excel::import ne a cikin DB::transaction, wato turansakshan ɗaya, ko duka ya shiga ko babu, kowane layi ya nemo kaya da bakod, ya gyara farashi da adadi, ya rubuta shigar kaya a wani tebur. Tambayata, wane lokaci zan ƙara, na PHP ne ko na Nginx ko na MySQL, kuma zuwa nawa? Sharaɗin Alhaji ɗaya ne, ko dai fayil ya shiga duka ko kar komai ya shiga, ba ya son rabi da rabi. Na gode, Allah ya saka.

Kwari_Tech ya rubuta:

Wslm. Ai wannan ba matsala bace oga, 504 dinnan daga Nginx yake, shi fastcgi_read_timeout in baka taɓa shi ba sakan 60 ne shi yasa kake ganin minti ɗaya cif. Ka maida shi 1800, ka sa set_time_limit(0) a saman kod ɗin, ka ɗaga memory_limit, sannan innodb_lock_wait_timeout ka maida shi kamar 600. Ni haka nayi ma wani mai atamfa a Kantin Kwari kuma har yau shiru bai kira ni ba. Sai kuma ka ce ma yaron ya daina dannawa sau biyu.

Injiniya_Sharaɗa ya rubuta:

Wa alaikumussalam. Malam Kwari_Tech ya yi gaskiya a kan inda 504 ya fito, amma ɗan uwa dan Allah kar ka ɗaga innodb_lock_wait_timeout zuwa 600. Wannan lambar ita ce tsawon lokacin da kashiya zai tsaya jira kafin a ce masa ya haƙura. Yanzu sakan 50 yake jira ya ga ero, in ka ɗaga zai tsaya minti 10 allo a daskare, kuma kowane kashiya da ke jira yana riƙe da ma'aikacin PHP-FPM guda, in suka taru suka cinye pm.max_children, wato iyakar yawan ma'aikatan, to manhajar gaba ɗaya ta tsaya, har shafin shiga ba zai buɗe ba. Mai atamfa wataƙila fayil ɗinsa ƙarami ne ko da dare yake lodi ba kowa a kai, Singa da rana wani abu ne daban.

Bari na warware maka abin da nake gani, ka yi haƙuri zan ɗan tsawaita.

Agogo ba ɗaya ba ne a hanyar nan, kuma kowanne abin da yake ƙirgawa daban. Nginx yana jiran PHP ya ce wani abu, in sakan 60 ta wuce shiru sai ya ba birauza 504 ya juya baya. Amma fa bai kashe PHP ba. PHP ba ya sanin an tafi an bar shi sai ya zo rubuta amsa, don haka lodinka yana can yana ci gaba a ɓoye da turansakshan ɗinsa a buɗe. Za ka ce ai max_execution_time sakan 30 ne me ya sa bai kashe shi ba, to a Linux wannan agogon lokacin da PHP da kansa yake aiki kawai yake ƙirgawa, lokacin da yake zaune yana jiran databes ba ya shiga lissafi. Shi ya sa kake ganin wani lokacin bayan an jima komai ya shiga, aikin bai mutu ba dama, shafin ne kawai ya mutu. Ranar da ba abin da ya shiga kuma, ko dai sakan 30 ɗin PHP ta cika a ƙarshe ko memori ya ƙare wajen karanta Excel, haɗin ya yanke, MySQL ya warware komai. Ranar taliya kuma lodin farko ya gama ya yi komit, wato ya tabbatar da shigarwar, na biyun da yaron ya danna ya biyo baya ya sake ƙara adadin a kan wanda ya riga ya shiga. Ka duba teburin shigar kaya na ranar, ina kyautata zaton za ka ga kowane layi sau biyu.

Sai maganar kashiyoyi. InnoDB, injin da MySQL ke ajiye tebura da shi, duk layin da ka gyara a cikin turansakshan yana kulle shi har sai ka yi komit, ba ya saki a tsakiya. Lodinka ya taɓa taliya a minti na farko, to taliya a kulle take har ƙarshen lodin ko da zai kai rabin awa, kashiya ya zo rage katan biyu sai ya tarar da ƙofa a rufe. Wannan kenan in komai lafiya. In kuma neman da kake yi da bakod ba ya hawa indeks, wato jerin da databes ke bi ta samo layi ba sai ta karance tebur kaf ba, to abin ya fi haka muni, domin UPDATE yana kulle duk layin da ya bi ta kansa yana nema, ba wanda ya gyara kaɗai ba, kaga layin farko na fayil ɗinka ma ya isa ya kulle teburin kaya kaf. Yadda ka ce ba kashiyan da ke iya buga komai tun daga farkon lodin, ni nan nake zargi. Ka ɗauki tambayar ka sa mata EXPLAIN a gaba ka gani, in ka ga type ya nuna ALL, wato tebur kaf yake bi, to ka kama ɓarawon.

Wani abu da mutane ba sa lura da shi, babban turansakshan in ya faɗi warware shi ma aiki ne, sau da yawa ya fi shigarwar daɗewa, kuma in ka ji haushi ka sake kunna MySQL ba ka tsira ba, yana tashi zai ci gaba da warwarewar daga inda ya tsaya. Lokacin da abin ke faruwa ka buɗe information_schema.innodb_trx, za ka ga wanda ya riƙe, tun yaushe ya fara, da layi nawa ya kulle.

To mafita. Ka cire aikin nan daga birauza kwata-kwata. Maɓallin lodi aikinsa ya karɓi fayil, ya ajiye a faifai, ya rubuta layi ɗaya a wani tebur da za ka kira imports mai ɗauke da matsayin aikin da layin da aka kai, ya tura aikin layin jira (queue) inda wani ma'aikaci na baya zai ɗauka ya yi shi, ya amsa wa yaron ofis cikin sakan ɗaya cewa an karɓa. Shafin ya riƙa leƙa teburin nan duk bayan 'yan sakanni yana nuna masa an kai layi kaza cikin kaza. Mutum in yana ganin lamba na motsi ba zai sake dannawa ba.

Shi kuma ma'aikacin baya ya riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan, layi 500 ko 1000, ya buɗe turansakshan, ya rubuta, ya sabunta lambar inda aka kai a cikin wannan turansakshan ɗin dai, ya yi komit, ya ɗebo na gaba. Ka ga yadda ake lodin tirela a Dawanau, ba wanda ke cewa a ɗaga buhu 600 a tashi ɗaya, 'yan dako buhu-buhu suke hawa da shi malami na gefe yana ja a takarda, in ruwa ya sauko aka tsaya ya san a nawa aka kwana. Lambar nan ta inda aka kai dole ta shiga tare da kayan a komit ɗaya, in ka raba su wata rana saba zai mutu a tsakaninsu ka dawo ba ka san gaskiya ba.

Kar kuma ka ce bari na zuba layi 5000 a INSERT ɗaya don sauri, MySQL ba ya karɓar gurbi sama da 65,535 a tambaya ɗaya da aka shirya, layi 5000 sau ginshiƙi 15 ka riga ka wuce.

Ɗan_Fagge ya rubuta:

Injiniya Allah ya ƙara basira, wlh kamar kana wajen. Na duba teburin shigar kaya na ranar taliya, kowane layi sau biyu ne kamar yadda ka faɗa, tazarar mintuna tsakaninsu.

Amma ga inda na tsaya. In na yanka shi 500-500 kowanne da komit ɗinsa, aka kai layi dubu 30 sai ga wani layi da yaron ya rubuta "katan" a wajen farashi aiki ya faɗi, kaga rabin kaya na da sabon farashi rabi na da tsoho, shagon gaba na sayar da madara da kuɗin yau na baya na sayar da sukari da kuɗin watan jiya. Wannan shi ne ainihin abin da Alhaji ya ce ba ya so, kuma shi ya sa na ga wanda ya rubuta ta ya naɗe komai a turansakshan ɗaya. Ya zan haɗa biyun?

Maman_Ilham ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Ɗan_Fagge ni ta ɓangaren akanta na shigo harkar nan kafin na koyi kod, kuma ina bayan Alhaji ɗari bisa ɗari, rabin farashi ya fi rashin lodi haɗari, domin rashin lodi kowa ya san ba a yi ba, rabi kuwa ba wanda ya sani sai an zo lissafin wata a ga riba ta zube a fara zargin yaran shago da ba su ji ba su gani ba. Amma abin da Alhaji ke nufi da duka ko babu, a idon kashiya yake nufi. Bai ce dole databes ta riƙe numfashi na rabin awa ba.

Ka yi tebur na wucin gadi, ka kira shi import_rows ko duk abin da ka ga dama, ba ruwan kashiya da shi, ba abin da ke karanta shi sai lodin. Matakin farko ka kwashe fayil ɗin kaf ka zuba a nan, a yanke 500-500 yadda Injiniya ya ce, kowane layi da lambar lodin da lambar layinsa a Excel, ka sa unique a kan waɗannan biyun. In ya faɗi a tsakiya ba abin da ya dami kowa, ka ci gaba daga inda ya tsaya ko ka share ka sake. Mataki na biyu tantancewa, duk a cikin teburin nan: bakod ɗin da babu shi a kaya, farashin da ba lamba ba, adadi ƙasa da sifiri, bakod ɗaya da ya zo sau biyu a shago ɗaya da ranar lalacewa ɗaya, farashin katan da ya fi na ɗaiɗai tsada in an raba. Ni har wanda farashinsa ya yi tsalle fiye da kima nake sa wa alama, domin sifiri ɗaya in ya ƙaru a kuɗin buhun shinkafa ba ero da kwamfuta za ta bayar, lamba ce lafiyayya a wajenta. Sai ka nuna wa yaron ofis jerin, layi na kaza ga matsalarsa, ya gyara. Ba a taɓa teburin kaya ba har yanzu fa.

Sai komai ya fita tsaf, manaja ya duba jimilla ya danna amincewa, sannan mataki na uku, shi ne kaɗai ke taɓa kayan gaske. Kuma a nan ba layi-layi za ka bi da PHP ba, UPDATE ɗaya ne mai JOIN tsakanin teburin kaya da na wucin gadi, da INSERT ... SELECT ɗaya zuwa teburin shigar kaya, a turansakshan ɗaya. Abin da ya ci rabin awa da PHP na zuwa yana dawowa sau dubu 60 uku-uku, in indeks na nan databes za ta gama shi cikin sakanni. Kaga ka samu duka ko babu ɗinka, kullewar kuma ta gajarce ta yadda kashiya da ƙyar zai lura.

Abu biyu ka kiyaye a matakin nan. Kar ka sa TRUNCATE ko ALTER ko CREATE TABLE a cikin turansakshan ɗin, MySQL yana yin komit da kansa a ɓoye in ya ga irinsu, ka zo rolbak, wato warwarewa, ka tarar ba abin da ya koma. Sannan tunda manhajar gado ce ka duba ko duk teburan InnoDB ne, in akwai MyISAM a ciki shi bai san turansakshan ba sam, abin da ya shiga ya shiga.

Sai maganar ƙirga, wadda ta fi damuna da duk wannan. In an ƙirga taliya da safe 40 ce, aka sayar da 6 kafin azahar, kai kuma ka loda bayan la'asar ka rubuta 40 a kai, ka mayar da katan 6 da ba su nan. Fayil ɗin ƙirga ya zo da lokacin da aka ƙirga, kai kuma ka rubuta bambanci tsakanin abin da aka ƙirga da abin da kwamfuta ke cewa a wancan lokacin, a matsayin gyara. Kuma ka raba lodin farashi da lodin ƙirga, ba abu ɗaya ba ne, farashi in ka loda shi sau goma sakamako ɗaya ne, adadi kuwa in kod ɗin ƙarawa yake yi to ka ga abin da ya faru da taliya.

Excel kuma ka yi hattara da shi. Bakod ɗin kayan Najeriya da 615 yake farawa, lamba 13, in ginshiƙin ba a sa shi rubutu ba, zai nuna maka 6.15E+12, in aka ajiye shi CSV a haka to bakod ya tafi. Wanda ya fara da sifiri kuma sifirin zai gudu, haka yake yi wa lambar waya. Sunan kaya mai ƙ ko ɗ in ba UTF-8 aka ajiye ba sai ka ga alamar tambaya a wajen.

Sadauki_Zoo_Road ya rubuta:

Hajiya ta gama magana, ni layin jiran kawai zan ƙara a kai don nan ne mutane ke faɗawa rami na biyu bayan sun fito daga na farko. Shima ma'aikacin Laravel yana da agogonsa, queue:work in baka ce komai ba sakan 60 yake ba aiki ya kashe shi. Sannan a config/queue.php akwai retry_after da yake zuwa a 90, ma'anarsa in aiki ya kai sakan 90 ba a ji ya gama ba za a ɗauka ya mutu a miƙa ma wani ma'aikacin. To kaga in ka tura lodin gaba ɗaya a aiki guda ka ɗaga timeout zuwa 3600 ka manta da retry_after, a sakan na 90 ma'aikaci na biyu zai ɗauki aikin da na farko bai gama ba, ka dawo gidan jiya, wannan karon ma ba yaron ofis da zaka ce shi ya danna. Ƙa'idar ita ce timeout kullum ya zama ƙasa da retry_after da 'yan sakanni, kuma kowane yanki ya zama aikinsa daban da zai gama cikin sakan 10 ko 20, shikenan baka buƙatar taɓa lambobin ma.

Tunda Laravel Excel kake amfani dashi akwai WithChunkReading da ShouldQueue zasu yanka maka, amma ni xlsx babba bana son karanta shi a yanke don kowane yanki sai an sake buɗe fayil ɗin, na fi son aiki na farko ya maida shi CSV sau ɗaya saura su bi layi-layi, memori baya tashi. Ka tabbata QUEUE_CONNECTION ba sync bane a .env, in sync ne duk abin da ka tura a cikin birauzar zai gudana kamar baka yi komai ba. Ka sa Supervisor ya riƙe ma'aikacin ya tashe shi in ya faɗi, kuma duk sanda ka canza kod kayi queue:restart in ba haka ba tsohon kod zai ta gudu kana mamaki.

Na ƙarshe, ka ɗauki sha256 na fayil ɗin, wato lambar shaida da ake fitarwa daga abin da ke cikinsa, ka ajiye a teburin imports da unique, fayil ɗaya in ya dawo a ce masa an riga an karɓa. Ce ma yaro kar ya danna sau biyu ba tsari bane, netwok ɗin kasuwa kaɗai ya isa yasa mutum ya danna sau uku ba da niyya ba.

Kwari_Tech ya rubuta:

Toh na ji, amma fa duk wannan aikin sati ne ko fiye, shi kuma ƙarshen wata ya kusa. Ni dai a ce ya ɗaga na Nginx ɗin a shafin lodi kaɗai, ya kashe maɓallin bayan an danna, suyi lodin bayan isha'i an rufe kasuwa, kafin ya gama ginin. Ko ba haka ba Injiniya?

Injiniya_Sharaɗa ya rubuta:

Wannan na yarda, a matsayin na wucin gadi, a location ɗin lodi kaɗai kuma shaguna a rufe. Na MySQL dai a bar shi a 50 ɗinsa. Kuma ya ɗauki bakof kafin kowane lodi.

Ɗan_Fagge ya rubuta:

Jama'a na dawo da labari. Na yi EXPLAIN ɗin da Injiniya ya ce, ALL ya nuna, amma abin mamaki indeks na nan a kan bakod. Ashe ginshiƙin varchar ne, shi kuma Excel yana miƙo bakod ɗin a matsayin lamba, Laravel ya tura shi a lamba, MySQL kuma in ka gwada ginshiƙin rubutu da lamba ba ya iya hawa indeks, sai ya bi teburin kaf yana juya kowane bakod. Wato kowane layi na fayil sai an karance kaya gaba ɗaya an kulle su. Na sa (string) a gaban bakod ɗin kawai, EXPLAIN ya koma ref, lodin da ke cin kusan rabin awa a kwafin databes da nake gwaji ya dawo 'yan mintuna. Duk wanda ke da irin matsalar nan ya fara duba wannan.

Ban tsaya nan ba dai, don 'yan mintuna ma sun yi yawa a kulle kaya da rana. Na yi teburin imports da import_rows yadda Hajiya ta tsara, zubawa da tantancewa na gudana a layin jira, sha256 ma na sa. Gwajin farko da fayil ɗin watan jiya tantancewar ta fito da layuka masu bakod 6.15E+12 da wasu da aka maimaita, duk da can shiga suke yi shiru ko su kayar da lodin. Na nuna wa yaron ofis jerin ya ce ai da haka ake nuna masa da tuni ya gyara. Na wannan watan za mu yi shi bayan isha'i da tsohuwar hanya da gyaran bakod ɗin, na gaba in sha Allahu da sabuwar.

Saura abu ɗaya Hajiya, maganar bambancin ƙirga. Shagunan ba lokaci ɗaya suke ƙirgawa ba, sito da safe, shaguna bayan an tashi, wani ma sai washegari. Lokacin ƙirgar a kan fayil zan sa shi ko a kan kowane layi?

Maman_Ilham ta rubuta:

A kan kowane shago, ba fayil ba, ba kuma kowane layi ba don yaron ba zai iya cike dubu 60 ba. Ka sa masa wajen da zai zaɓi shago ya rubuta ranar da lokacin da aka gama ƙirgar wajen kafin ya loda, in ma da hali kowane shago ya zo da fayil ɗinsa, lodin ya ƙara ƙanƙanta. Sai ka lissafo abin da kwamfuta ke cewa a wannan lokacin daga teburin shigar kaya da fitarsu, ka cire daga abin da aka ƙirga. Ka roƙi Alhaji kuma a daina ɗaukar kaya daga sito zuwa shago tsakanin ƙirgar sito da ta shagon, in ba haka ba katan ɗaya za a ƙirga shi a wuri biyu, wannan kuma ba kod ɗin da zai kama shi. In ka rubuta tambayar JOIN ɗin ka liƙo ta nan mu duba kafin ka sake ta a kan na gaske.